Kawu Sale, Direban Motar Dogara

Duk wanda ya tashi a unguwar Tudun Ƙofa ta Keffi ya san zauren da ake kai fitila idan ta ƙi ci. A nan Kawu Sale yake zama a kan buzu, kewaye da ƙwan fitila da lagwani da risho da laimomin da iska ta karya. Yanzu babu zauren. Na bi ta wurin shekaranjiya, na tarar da tulin bulo da yashi, ga wani lebura ya juya baya yana fitsari a daidai inda buzun yake. Shi ya sa na zauna in rubuta ko wane ne mutumin nan, kafin siminti ya gama rufe wurinsa.

Kawu Sale ƙanin mahaifiyata ne. Su uku ne a ɗakinsu: Alhaji Abdulsalami babba, mai shagon atamfa a kasuwa, sai mahaifiyata Huraira, sai shi auta. Bai yi boko ba, allon ma bai yi nisa ba. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako a tasha, har zuwa shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai, lokacin da wani mai ɗaukar hoto, Dogara, ya buɗe shago a bakin hanyar Akwanga ya ɗauke shi aiki. Waɗannan shekaru su Kawu yake kira "lokacin da nake direba". In ya faɗa sai ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Mu da muke yara ba mu taɓa tambayarsa mene ne abin dariyar ba.

Aikin hoto ya bar masa wata ɗabi'a da ba ta sake shi ba. Ba ya iya ganin hula a karkace ya ƙyale. Kana tsaye kana jiran fitilarka, sai ka ji hannu mai warin kananzir a kanka. "Ɗaga haɓa, malam. Yauwa. Kar ka motsa." Har liman ya taɓa yi wa haka a bakin masallaci. Matarsa Lailatu ta rasu shekarar da aka gama yaƙin basasa, 'ya'yan da suka haifa kuma ba wanda ya yi rai. Abin da ya rage masa a duniya shi ne zauren nan da ɗaki guda a bayansa, a gidan da mahaifinsu ya bari.

Alhaji Abdulsalami ya rasu farkon daminar bana, ina dawowa daga bautar ƙasa ke nan, ina zaman jiran aiki. Bayan sadakar arba'in aka buɗe akwatinsa, aka sami wani hoto a ƙarƙashin rigunan sallah. Ga Alhaji nan da ƙuruciyarsa, da tabarau da agogon hannu, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bambar wata baƙar mota mai ƙwalli, yana riƙe da tarin makullai. A kan hancin motar an kafa 'yar tutar ƙasa, alamar ranar bikin 'yancin kai aka ɗauka.

Idris, babban ɗan Alhaji, shi ya fara ɗaga hoton sama. Idris ɗan kwangila ne. Tun da aka ce za a gina sabon babban birnin ƙasa a kusa da mu, ba shi da zance sai na fili da siminti. Ya daɗe yana son rushe gaban gidan ya yi shaguna da bene. Abin da ya tare masa hanya shi ne Kawu Sale, domin gidan na kakanmu ne, Kawu yana da rabonsa a ciki.

Idris ya shigo zauren da ƙaninsa Abu, ni ina zaune ina taya Kawu goge ƙwan fitila.

"Baba Sale, ina motar babanmu?"

Kawu ya karɓi hoton, ya matso da shi bakin haske, fuskarsa ta washe. "Allahu akbar. Yaya ke nan. Dubi yadda na daidaita masa hular nan." Ya miƙa masa. "Ai ba tasa ba ce, Idi. Motar Dogara ce mai hoto. Kowa a jikinta yake tsayawa. Ko inji ba ta da shi."

"Ni za ka gaya wa? Ni da aka zaunar a cikinta ina yaro, na danna oda da hannuna?"

"Ni na zaunar da kai. Har ka jiƙa kujerar."

Abu ya yi dariya, Idris ya harare shi ya haɗiye. "Baba da bakinsa yake cewa kai ne direbansa. In an tambaye shi motar, sai ya ce a tambayi Sale inda ya kai ta. Ƙarya na yi?"

"Haka yake cewa. Tsokana ce irin ta Yaya."

"To ina ka kai ta?"

"Gitata na kai ta. Da Dogara ya gaji ya koma gida, ni na raka ta a bayan babbar mota."

Idris ya juya wajen mutanen da suka fara taruwa a bakin zaure. "Kun dai ji. Ya amsa da bakinsa." Kafin magariba zancen ya zagaya unguwa: Sale ya sayar da motar yayansa a Gitata ya cinye, don haka rabonsa na gida ya daɗe da shiga cikinsa, sai ya tashi.

Washegari Idris ya kira ni. Ni ɗan mace ne, shi ɗan namiji, tun muna yara yake ce mini bawansa, ina ramawa. Wannan karon babu wasa a muryarsa. "Mijinyawa, kai mai digiri, ga aikin da ya dace da kai tunda zaman banza kake yi. Je ka gano mana wace irin mota ce, mu san girman abin da aka cinye mana." Na karɓi hoton. A raina na ce in na gano ta, na wanke Kawu.

Na fara da makanikai na bayan tasha. Hoton ya yi ta yawo daga hannu mai baƙin mai zuwa wani. Ɗaya ya ce Ofel ce. Wani ya ce ina, dubi ƙugunta, Shabarole ce ta Amurka. Wani dattijo a cikinsu ya rantse Marsandi ce ta farkon zamani, har ya ce ya taɓa gyara irinta a Jos. Abin da ya ɗaure musu kai duka shi ne gabanta. Ƙarafan hancin a tsaye suke, kowanne da ɗan dunƙule a kansa, fitilun kuma faffaɗa ne kamar an mare su. Suka yi ta musu har suka manta da ni. Na bar su ana neman zage-zage, ban ƙaru da komai ba.

Sai na koma wajen dattawa, tunda a gabansu aka yi komai. Mai Unguwa ya karɓi hoton, ya duba, ya yi gyaran murya, ya mayar mini da sauri kamar ya taɓa garwashi. "Idona ya yi rauni, ɗana." Na je majalisar da ke gindin ɗurumi, inda abokan Alhaji suke zama. Wanda na miƙa wa sai ya tuna bai yi alwala ba. Na kusa da shi ya shiga tambayata labarin Zariya, inda na yi karatu. Mutanen nan kullum suna kai wa Kawu fitilunsu, sau da yawa ba ya karɓar komai a hannunsu. Ba wanda ya buɗe baki ya ce e ko a'a. Na koma gida, na fara tunanin ko dai Kawun ne yake ɓoye wani abu.

Mahaifiyata tana aure a Nasarawa lokacin da aka ɗauki hoton, ba ta san komai a kai ba. Ta ce in je wajen ƙawarta Mero mai waina, nan Angwan Iya kusa da mu. Na same ta tana juya waina a tanda. Ta goge hannu a zane, ta karɓi hoton, sai ta saki dariyar da ta sa ta zauna a ƙasa.

"Wayyo cikina! Ashe har da Abdulsalami!"

Ta shiga ɗaki, na ji tana sauke jeren kwanuka, ta fito da wani hoto. Motar ce. Tutar ce. Ƙafa ɗaya a kan bamba, tabarau, agogo, tarin makullai. Mutumin ne kawai ya bambanta.

"Marigayi maigidana ke nan, wanzami. Ko jaki bai taɓa mallaka ba. Da hoton nan aka je neman aurena, iyayena suka ce 'yarsu ta tsinci arziki. Da na tare na ce malam ina motar, ya ce tana gareji. Tana gareji har na haifi 'ya'ya na aurar."

"To Inna Mero, me ya sa dattawa suka yi shiru?"

"Kai ma dai! Wa zai fara? Agogon na Dogara ne, tabarau na Dogara, makullan ma nasa. Duk saurayin da ya tashi neman aure ko neman aiki a wani gari, can yake zuwa ya ɗora ƙafa. Yau sun zama alhazai, sun gaya wa surukai da jikoki sun taɓa yin mota. Mu mata duk mun sani, a ɗakunanmu hotunan suke. Bari ka gani, zan tara maka su."

Na shiga a-kori-kura zuwa Gitata. Dogara ya rasu, amma matarsa Filomina tana nan, tsohuwa mai ƙarfin murya. Da na ambaci sunan Kawu sai ta dafe ƙirji.

"Sale! Yana nan da rai? Ai shi ne injin motar nan, ɗana."

Ta ja ni bayan gida. Warin ne ya fara tarbata. Motar tana zaune a kan duwatsu, babu taya, tsatsa ta cinye rufin, kaji suna shiga suna fita ta tagogi. Kashin kaji ya yi tudu a kan kujerun. Na toshe hanci na durƙusa a gabanta, na ga abin da ya gagari makanikai. Ƙarafan hancin kan gadon ƙarfe ne, irin na amare, aka yanke aka ɗaura. Fitilun kuwa tasoshi ne na cin tuwo, an shafa musu fenti mai ruwan azurfa. Na ɗaga murfin gaba, wata kaza ta tashi ta watsa mini ƙura a fuska. Babu komai a ciki sai ƙwai da wani ɗan ƙarfe da aka manna a gefe. Na kankare shi da tsinke, rubutun ya fito. Ostin ce ta Ingila, ƙirar bayan yaƙin duniya.

Filomina ta ce wani Bature mai haƙar kuza ne ya faɗa rami da ita, gaban ya ragargaje, aka cire injin aka yar da gangar jikin. Dogara ya saya ya kai wa maƙeri. "Aikin Sale shi ne ya goge ta da safe, ya tura ta duk inda rana ta koma. Mijina ba ya ɗaukar hoto sai haske ya faɗo a fuska. Da safe gabas, da yamma yamma. Kafaɗarsa har kanta ta yi. Kowa ya zo sai ya ce direba, kawo mota." Ta shiga ɗaki ta ɗauko mini tarin makullan, waɗanda ba su buɗe komai, da robar odar da Idris ya danna. Ta ce in gaishe da Sale, in ce masa kajin suna godiya.

Na dawo Keffi ina jin kamar in yi tsalle. Na ɗauka magana ta ƙare.

Aka zauna bayan la'asar a zauren Kawu, da Mai Unguwa da liman da dattawan ɗurumi, Idris da Abu a gefe, jama'a sun cika ƙofa. Na faɗi abin da na gani, na ajiye makullan da odar a kan tabarma. Ina cikin magana aka shigo da tire an rufe da faifai, an ce saƙo ne daga Inna Mero. Na buɗe. Hotuna ne fal, matan unguwa sun tattaro. Na shiga jera su kusa da na Alhaji. Mahauci, tela, malamin makaranta, ɗan doka, kowa da ƙafa a kan bamba, kowa da agogo guda. Wani a bakin ƙofa ya ce, "Kai, wancan ba Mai Unguwa ba ne?"

Shi ne kuwa, siriri, ba gemu, yana murmushi da makullai a hannu. Uwargidansa ce ta aiko da shi. Dariya ta fashe a waje, ta bi layi har ta kai bakin titi.

Na dubi Kawu ina jiran in ga an ba shi haƙuri. Idris ne ya miƙe.

"Wato babanmu maƙaryaci ne? Abin da aka tara mutane a gaya mana ke nan? Mutum bai daɗe a kabari ba, a jera shi da mahauta da wanzamai ana dariya?"

Na ce, "Idris, kai ka aike ni."

"Rufe mini baki. Ɗan mace ba shi da ta cewa a gidan nan."

Mai Unguwa ya ɗauke hotonsa ya cusa a aljihu. Bai dube ni ba, Kawu ya duba. "Sale, kai ka san sirrin kowa a wurin nan. An amince maka. Yanzu ga shi an tozarta matattu, an tozarta rayayyu. Wa ya nuna wa yaron nan hanyar Gitata?"

"Ranka ya daɗe, tambayata aka yi na faɗi inda take."

"Da ka yi shiru."

"Ɓarawo aka ce da ni."

Daga nan ba a sake ambaton mota ba. Dattawan da idonsu ya yi rauni jiya, yau kowa ya sami bakin magana. Wannan ya ce surukinsa zai ji. Wancan ya ce jikokinsa za su raina shi. Liman ya yi ta jan carbi yana kallon ƙasa. A ƙarshe Mai Unguwa ya yanke cewa don a zauna lafiya, Sale ya ɗan bar gidan har zukata su huce, maganar rabo kuma a bar ta sai nan gaba.

Kawu bai yi musu ba. Ya dubi Idris, wanda hularsa ta karkace saboda hargowa har ta kusa rufe masa kunne. Na ga hannun Kawu ya ɗaga kaɗan, sai ya mayar da shi kan gwiwa.

Ina tattara hotunan matan in mayar musu, na ji su Idris a soro na biyu. Abu yana cewa, "Ashe tasoshi ne fitilun!" Idris ya yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ni na sani tun ina yaro. Ranar da aka zaunar da ni ai na leƙa gabanta, ba komai sai gizo-gizo."

Na ɗauki tiren na fita.

Zukata ba su kai ga hucewa ba aka kawo lebura. An ce gyara za a yi wa zauren kafin Kawu ya dawo. Da gatari da diga aka yi gyaran. Na je na tsinto abin da na iya daga cikin ƙasa: ƙwan fitila biyu da ba su fashe ba, da almakashinsa, da buzun.

Yanzu Kawu yana wurin mahaifiyata a Angwan Iya, a ɗakin da muke ajiye dusa, kusa da turken awaki. Ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida. Dattawan ɗurumi ba sa yi masa sallama in sun wuce, fitilunsu kuma wani wuri suke kaiwa. Mata ne suke aiko masa da nasu, wani lokaci da lafiyayyar fitila, a ce a duba lagwani. Ya sani, yana dubawa, ya mayar. An kira ni aiki a Jos, har yau ban iya haɗa kayana ba. Duk dattijon da ya gaishe ni a hanya sai in ji ina kallon ƙafarsa.

Hoton Alhaji kuwa, Idris ya kai shi Kaduna an faɗaɗa shi, an sa masa gilashi, ya rataye a falonsa sama da rediyo. Abu ya gaya mini duk baƙon da ya zo sai an nuna masa. Marsandi ta farko da ta shigo Keffi, in ji Idris.

Na gaya wa Kawu wannan ina jiran ya yi Allah ya isa. Yana datse lagwani, bai ɗago ba.

"Ka ce kaji ne a ciki?"

"Kaji ne, Kawu."

"Ƙofar baya ta hagu, har yanzu tana maƙalewa?"

Na ce ban gwada ba.

"Sai an ɗaga ta sama kaɗan kafin a ja," ya ce. "In ka sake zuwa ka gaya wa Filomina, kar ta ɓalla ta."